An Ce in Goge Ardo Daga Hoton Hakimi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, Musulminku da Kiristanku, barkanmu da war haka. Admin don Allah ka sa mani wannan ba suna ba lamba, domin in aka gane ni, abin da nake gudu ne zai iso da wuri. Sunayen da za ku gani a ciki duk na canza su. Shawara nake nema, don Allah ku ba ni, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci.

Ni dillalin hatsi ne, masara da dawa da waken suya, in damina ta kama kuma in sayar da taki. Ina da sito a garinmu, wanda ba zan faɗi sunanshi ba, yana nan dai tsakanin Malumfashi da Bakori, ina da wani a Funtua. Ban gaji komai ba, da tiya ɗaya na fara awo a kasuwar Dayi har Allah ya kawo ni inda nake. Ba don alfahari na faɗi wannan ba, don ku san ni ba mai saurin rikicewa ba ne. Farashi ya sha karyewa kaya na hannuna, mota ta taɓa kifewa da masarata a hanyar Danja, na je na tsaya aka kwashe abin da ya kwasu na dawo na ci tuwona. Amma yau hoto guda ɗaya ya hana ni sakat.

A garinmu akwai wata al'ada tun zamanin kakan Hakimin yanzu. In an gama kaka an kwashe amfani, akwai ranar da muke kira ranar sakin gonaki, wato ranar da fada take ba makiyaya izini su shigar da shanu su ci kara da karmami a gonakin da aka girbe. Kafin ranar in saniya ta taka gonar mutum shari'a ce, bayan ranar kuwa ba mai cewa uffan. To a wannan rana da hantsi Hakimi yana fitowa ƙofar fada ya zauna kan kujerarshi, manyan gari su kewaye shi a ɗauki hoto. Kowa da wurin tsayuwarshi, kuma gado ne. Liman a dama, Wakili a hagu, a bayan kujera daidai saman rawanin Hakimi mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, Sarkin Noma riƙe da zangarniyar dawa, Ardo riƙe da sandarshi, a bango kuma tutar Najeriya. Akwai tsohon hoton mai baƙi da fari a zauren fada, in ka duba tsarin ɗaya ne, fuskoki ne kawai suka canza.

Wannan hoton shi ake bugawa a kalandar gari duk shekara, kuma tun da Allah ya hore mani ni nake ɗaukar nauyin bugawa, sunan kasuwancina yana ƙasa. Ba zan yi maku ƙarya ba, da farko talla ce ta kai ni. Kalandar tana kowane shago, tana ofishin hedimasta, tana asibitin sha-ka-tafi, tana zauren Liman, tana ofishin fasto, manomi duk inda ya juya zai ga sunana kafin lokacin taki. Amma mutanenmu ba kwanan wata suke dubawa a ciki ba. In ta fito, abin da kowa yake fara yi shi ne ya bi fuskoki da yatsa ya ga wa ke nan wa ba ya nan. A garinmu ba a shelar an sauke mai sarauta, ba a tara jama'a a ci mashi fuska, ranar hoto ce kawai ba za a aika a kira shi ba, in kalanda ta fito kowa ya gane. Wanda ba ya cikin hoto ba ya cikin fada, ƙaramin yaro ma ya san wannan.

Tun da matsalar tsaro ta shigo mana, kalandar ta koma wani abu daban. Mutanen ƙauyukanmu da suka gudu Funtua suna zaune a ɗakunan haya, na sha shiga in tarar ba kujera ba gado sai tabarma, amma kalandar tana rataye a bango. Wani dattijo ya taɓa ce mani in ya ga Hakimi zaune da mutanenshi a ƙofar fada sai ya ji garin yana nan bai watse ba, kuma zai koma ya yi shuka. Sai kuma matan rugar Ardo masu kawo nono. 'Yan sa-kai sun kafa shinge a hanyoyin shiga gari, baƙon Bafillace ba ya wucewa sai an san daga inda ya fito. To matan nan sai suka riƙa yanke hoton daga kalanda, su ninke su sa a leda su ƙulle a bakin zane, in an tsayar da su su kwance su nuna, ga tsohonmu nan a bayan Hakimi. Sai a ɗaga masu itace su wuce. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka kawai ta zama, katin ɗan ƙasa ma bai kai wannan yankin takardar aiki ba a shingen.

Ardo Manu dattijo ne, a nan aka haife shi, ubanshi yana cikin wancan tsohon hoton. Bara ɓarayi suka kore mashi mafi yawan shanunshi, babban ɗanshi Bello ya bi sawu, har yau bai dawo ba. Wasu suka ce kashe shi aka yi a daji, wasu suka ce ya ga ba mafita ya shiga cikinsu. Ardo ya rantse a gaban Hakimi cewa bai san inda yake ba. Ni ma ban sani ba, kuma ina roƙon kada wani ya zo ƙarƙashin wannan rubutu ya ce ya sani.

Ranar hoton bana ina wurin daga farko har ƙarshe. Hakimi ya fito da farar riga wadda ba ta da aiki, bai sa alkyabba ba, ya ce shekarar da aka binne mutane da yawa ba ta ado ba ce. Amma tuta ya sa an sayo sabuwa dal, tsohuwar ta koɗe koren ya koma kamar ruwan kuka, ya ce mutanen birni suna maganarmu kamar an riga an yanke mu daga ƙasar, to duk wanda ya ga hoton nan ya san har yanzu Najeriya ce nan. Shugaban 'yan sa-kai, Sale, ya nemi a tsayar da yaranshi biyu da bindigogi a gefe da gefe, Hakimi ya gode mashi ƙwarai a gaban kowa amma ya ce hoton gari ne ba na yaƙi ba, ba ya so jikokinmu su buɗe su ga bakin bindiga a ƙofar fada. Na ga fuskar Sale lokacin, bai ji daɗi ba, amma ya ce to ranka shi daɗe ya ja baya.

Ardo ne ya iso a ƙarshe, a ƙafa, ya rame har rigar ta yi mashi yawa. Da ya shiga wurin tsayuwarshi sai na ga waɗanda ke kusa suna jan jiki a hankali, wannan ya gyara hula ya matsa, wancan ya yi kamar rana ce ta dame shi, har aka bar fili a kewaye da shi. Mai hoton, Malam Nura, wanda shi ne kuma yake buga mani kalandar a Funtua, ya yi ta cewa a matso a matso akwai rami a baya, ba wanda ya motsa. Sai Sarkin Noma, Baba Ishaya, ya maida zangarniyarshi hannun hagu, ya ɗora na dama kan kafaɗar Ardo ya jawo shi, ya ce, "Matso mana Bafillace, ko tsoro kake in roƙe ka nono?" Ardo ya ce, "Kaɗo, dawarka ce ke sa ni ƙaiƙayi." Hakimi ya yi murmushi bai waiwaya ba, a daidai nan Malam Nura ya danna. Wallahi tun da nake buga kalanda ban ga hoton da ya kai wannan kyau ba.

Ba a daɗe ba bayan wannan aka tare motocin da ke dawowa daga cin kasuwa ta hanyar Tsiga. Aka tafi da mutane, aka harbi ƙanen Sale wanda yake direba, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinshi. Yaron kirki ne, ya sha ɗaukar mani kaya, ya bar mata da goyo. Cikin waɗanda suka tsira wani ya ce akwai wani dogo a cikin maharan, fuskarshi naɗe da rawani, amma muryar ta yi mashi kama da ta Bello. Da safe maganar ita ce muryar ta yi kama, kafin la'asar ta zama Bello ne, washegari har an sami masu cewa sun ga tabon da ke goshinshi, alhali mutumin da yake wurin ya ce fuska a rufe take.

Bayan an share makoki Sale ya zo sitona da rana tsaka, yaranshi suka tsaya waje, shi ya shigo ya zauna kan buhun masara. Na sake yi mashi gaisuwa ya amsa. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, kuma shi ya fi tayar mani da hankali. Ya ce ya ji an kai hoto Funtua, to shi da mutanenshi sun zauna sun yanke cewa ba za su shekara suna kwana a daji suna gadin gari ba, su shigo shago sayen sabulu su ga uban wanda ya kashe ɗan'uwansu tsaye a saman kan Hakimi. Na ce mashi ba a tabbatar ba, kuma ko an tabbatar ai ba Ardo ne ya riƙe bindiga ba. Ya ce in je in faɗa ma tsohuwarshi haka. Na ce hoton na fada ne ba nawa ba. Sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, sunanka ne a ƙasan kalandar, ba na Hakimi ba." Da ya tashi zai fita ya tsaya bakin ƙofa, ya ce shi dai yana ganin girmana, amma mutane sun fara tambaya yadda aka yi motocina suke bin hanyar nan kullum ba a taɓa tare ko ɗaya ba.

Ku da ba a nan kuke ba wataƙila ku ga wannan ƙaramar magana ce. Motocina ba sa tafiya sai rana ta take, kuma sai sun haɗu da wasu sun yi jerin gwano, ranar da na ji jikina bai ba ni ba in ce a sauke kaya a kwana, duk direbobina shaida ne. Amma a yankinmu yanzu in aka liƙa ma mutum sunan infoma, ba kotu, ba a zo a ji ta bakinka. Na san waɗanda aka liƙa mawa, na san yadda suka ƙare, wasu da gaskiya wasu Allah kaɗai ya sani. Ina da iyali, ina da 'ya'ya mata da ke zuwa makaranta a ƙafa.

Na tafi fada. Hakimi ya sa aka fita aka bar mu, ya tambaye ni farashin masara, ya tambaye ni ko taki zai sauko baɗi, har na fara tunanin ko bai san abin da ya kawo ni ba. Da na faɗa mashi ya ja carbinshi, sannan ya ce shi ya ɗauki hoto da mutanenshi ya gama nashi, kalanda kuma tawa ce. Ban ji haushinshi ba, na gane inda yake tsaye. In ya ce a cire, ya sauke mai sarauta ba hujja, kuma da bakinshi ya buɗe ruga ga duk mai jin zafi. In ya ce a bari, mutanen da su kaɗai ke tsaye tsakaninmu da daji za su ce ya zaɓi ɓarayi a kansu. Na ce to ranka shi daɗe me zai hana bana a buga kai kaɗai da tuta. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ni kaɗai? Ai wannan fasfo ne Alhaji, ko ka ji an ce takara zan tsaya?" Na ce to a haƙura da kalandar bana gaba ɗaya. Nan fuskarshi ta canza, ya ce ko shekarar da aka yi yunwa a zamanin mahaifinshi hoton ya fito, in bana bai fito ba mutanenmu da ke Funtua za su ce garin ya ƙare, ba wanda zai dawo sharar gona, kuma na daji ma suna da ido, za su san fada ta tsorata. Ya sallame ni da addu'a, na fito da kayana a kai kamar yadda na shiga.

Washegari na wuce Funtua wurin Malam Nura. Ashe labari ya riga ni, ina zama ya ce ai abu ne mai sauƙi, ya juyo mani da fuskar kwamfuta. Ina kallo ya zagaye Ardo, ya danna, dattijon ya ɓace da sandarshi da malafarshi, ya jawo launin bango da gefen tuta ya cike wurin, kafin in gama shan ruwan da aka kawo mani kamar ba a taɓa haihuwar wani Ardo a garin ba. Sai dai abu ɗaya. Hannun Baba Ishaya ya rage a sama, yatsun a lanƙwashe, yana dafe da iska. Malam Nura ya ce wannan ma ba matsala, zai yanke hannun daga kafaɗa ya ɗauko hannun riga daga wani wuri ya saukar da shi ƙasa, ba mai ganewa. Na ce ya dakata. Ni a sana'ata ba na sayar da buhun mutum sai na ji daga bakinshi, balle hannunshi.

Baba Ishaya Kirista ne, mahaifinshi ya shiga addinin a hannun 'yan mishan, amma sarautar noma tana gidansu tun kafin nan kuma ba wanda ya taɓa cewa a karɓe. Ya girmi mahaifina, Baba nake ce mashi shi kuma ya ce mani ɗana. Na same shi ran Lahadi bayan sun taso daga sujada, zaune gindin ɗorawar ƙofar gidanshi. Na nuna mashi hotunan biyu a waya ban ɓoye mashi komai ba, har maganar da Sale ya faɗa a bakin ƙofa. Ya karɓi wayar ya nisanta ta daga ido ya daɗe yana kallo. Ya ce shi ba zai rantse a kan Bello ba, yaran yanzu ba wanda ya san cikinsu, kuma ya je gaisuwa gidan su Sale ya yi kuka da hawayenshi. Amma Ardo tare suka yi ƙuruciya, tare suka sha raba rigimar gona da shanu a ƙarƙashin wannan bishiyar, kuma ba a kawo mashi laifin da ya yi ba. Ya tuna mani lokutan da ake rigimar addini a birane, gawa tana zuwa wa waɗannan tana zuwa wa waɗancan, ya ce Kiristocin garinmu sun kwana gidajensu ƙofa a buɗe saboda duk shagon da matashi mai zafin kai ya shiga zai ga fuskar Sarkin Noman lokacin, mahaifin shi Baba Ishaya, a saman rawanin Hakimi. Sannan ya miƙo mani wayar ya ce, "Ɗana, hannun nan nawa ne, ban yarda a taɓa shi ba. In ka cire Ardo ka bar shi a sama yadda yake, kowa ya gani ya tambaya wa na dafa. In ba za ka iya ba, ka cire ni duka. Na'urar da ta iya goge sanda bana ta iya goge zangarniya baɗi."

Na ce Baba ka san abin da kake jawo mani kuwa. Ya ce ya sani, kuma ba ya ce dole in saka kaina cikin haɗari ba ne, shi dai ba zai yi ƙarya ba, duk wanda ya tambaye shi a coci ko a kasuwa zai ce an taɓa hoton. To kun gani, in na cire Ardo na gyara hannu, Sarkin Noma zai tona. In na cire su biyun, na fitar da Fulaninmu da Kiristocinmu daga fada a shekara ɗaya da hannuna, na bar Hakimi da bango a bayanshi. In na bar hannun a sama kuwa, na buga abin kunyar garin na rataye a kowane shago da sunana a ƙasa.

Maiɗakina ta ce in cire sunan kasuwancina kawai a buga yadda yake. Na ce mata ko jariri a garin nan ya san wa ke buga kalanda. Na tuntuɓi wasu 'yan kasuwa biyu ko za mu haɗa sunaye ya zama ba ni kaɗai ba, ɗaya ya ce bana ba shi da hali, ɗayan har yau wayarshi ba ta shiga, mutumin da kullum shi ke roƙona in sa sunanshi ko da ƙanana ne. Rugar Ardo kuwa ban taka ba, ina so in je amma na san in aka ga motata ta nufi can an gama maganar infoma.

Ban je ba, sai ruga ta zo mani. Shekaranjiya ina tsaye ana auna waken suya sai ga Dija, babbar 'yar Ardo, mace mai 'ya'ya, ta daɗe tana kawo nono gidana. Ta sauke ƙwarya ta gaishe ni, ta kwance bakin zane ta fito da ledarta. Hoton bara ne, ya sha ninki har ya tsage, layin ninkin ya bi ta kan fuskar mahaifinta ya cinye rabi. Ta ce yau da ƙyar aka bar ta ta wuce shinge, yaran sun juya takardar sun ce wannan ta bara ce ta ƙare, ta kawo ta bana su gani in tsohon nata yana ciki. Ta ce ita ta ce masu yana ciki mana, ai ya dawo gida ranar hoton yana ba su labari har da dariya, wai Sarkin Noma ya riƙe shi kamar zai gudu, rabon da su ga haƙoranshi tun tafiyar Bello. Sai ta ce, "Alhaji, yaushe za ta fito? Ka ajiye mana da ɗan yawa, mu mata muna da yawa, kuma gero ya kusa ƙare mana a gida." Na ce mata ta kusa. Ta yi godiya, ta zuba mani nono a kwano ta ƙi karɓar komai, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Na tsaya ina kallon kwanon har mai awo ya tambaye ni ko lafiya.

A nan na gane yaran shingen ba da Dija suke magana ba, da ni suke. Suna jiran kalandar ne kamar yadda ake jiran hukunci. Ranar da ta fito ba Ardo, ranar kowa zai san fada ta cire hannunta daga rugar nan, kuma ba mayaƙa ne a ciki ba, tsofaffi ne da mata da yara da 'yan shanun da suka rage. Ko dai a wayi gari an cinna mata wuta, ko su tattara su shiga daji, wurin mutanen da suka kore masu shanu, mu kuma mu ƙara ma kanmu abokan gaba da suka san kowace ƙofa a garin. Ranar da ta fito da Ardo kuwa, ban san ko sito za a fara taɓawa ba ko ni. Kuma ina so ku sani ba na ganin Sale a matsayin mugu. Mutum ne da ya wanke gawar ƙanenshi da hannunshi, shi da yaranshi ne suka sa muke iya zuwa gona, kuma yana yiwuwa muryar nan ta Bello ce da gaske. Wannan ma yana cikin abin da ke cina.

Akwai abu ɗaya da nake juyawa a raina, in ce a buga hoton yadda Allah ya sa aka ɗauke shi, in ɗauki kalanda ta farko da kaina in roƙi Liman da Baba Ishaya su raka ni gidan su Sale, mu zauna gaban tsohuwarshi in faɗa mata dalilina kafin ta ji a bakin wani. Wataƙila ta saurare mu, wataƙila kuma in zama na kai kaina har gida. Ban sani ba ko wannan dabara ce ko wauta, shi ya sa na zo gare ku, musamman waɗanda suka san zaman irin garuruwanmu, da malamai da fastoci da masu sarauta da ke cikin wannan zaure. Don Allah kada ku ce mani in kai rahoto kawai, wanda zan kai mawa ba a garin yake kwana ba.

Shekara ta zo ƙarshe, Malam Nura ya ce ayyukan wasu suna layi ba zai ci gaba da riƙe mani inji ba. Ya ajiye hotunan biyu a kwamfuta, kullum sai ya kira ya ce Alhaji mai Ardo ko marar Ardo, kamar mai tambayar shayi da madara ko ba madara. Dukansu suna cikin wayata yanzu haka da nake rubutun nan. Na ɗaya ina ganin mutum biyu suna dariya a bayan Hakimi, na biyu ina ganin hannun dattijo a sama ba kowa a ƙarƙashinshi. Dija kuma za ta dawo ranar kasuwa da ledarta.

'Yan uwa, in ku ne sunanku ke ƙasan takardar nan, wanne za ku ce ya buga?